Nata'ala ya raina Nazarat, Yesu kuma ya ce ba shi da ha'inci: yaya za mu haɗa biyun?

Malam Dauda:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina neman taimako kafin Lahadi. Tun watan jiya muke bin manzanni goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya a ajin matasa. Bitrus ya ci mana mako biyu, Toma ma bai ba ni wahala ba. Yanzu mun iso kan Bartalamawas, na bincika na ga sunansa sau huɗu kacal, duk a cikin jerin sunaye: Matiyu 10:3, Markus 3:18, Luka 6:14, sai Ayyukan Manzanni 1:13. Bai ce uffan ba, ba a kuma ce ya yi wani abu ba. An koya mana cewa shi ne Nata'ala na Yahaya 1:43-51, don haka na koma can. To ga inda na maƙale. Filibus ya zo masa da murna, ya ce mun sami wanda Musa da annabawa suka rubuta labarinsa, Yesu na Nazarat. Maganar farko da ta fito bakin Nata'ala ita ce, wani abin kirki zai iya fitowa daga Nazarat? Wannan ai raini ne ƙiri-ƙiri. Amma aya ɗaya a gaba, Yesu ya hango shi ya ce ga Ba'isra'ile na gaske wanda ba ha'inci a cikinsa. Yaran nan nawa ba sa barin tambaya ta wuce. Na san wani zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ashe raina garin mutane ba laifi ba ne? Me zan ce masa?

Mama Saratu:
Sannu da ƙoƙari Malam. Allah ya ƙara basira. Ina nan ina sauraro, sai na tashi daga kasuwa zan sa baki.

Nuhu:
Malam, kafin a kai ga rainin, bari na taɓa batun sunan, don shi ma yaran za su tambaya. Babu ayar da ta ce Nata'ala shi ne Bartalamawas. Haɗa hujjoji aka yi. Bartalamawas ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne na yaren Aramiya, Bar-Talmai, wato ɗan Talmai. Irinsa ne Bartimawas da Markus 10:46 ya fassara da kansa ya ce ɗan Timawas. Ke nan mutumin yana da wani suna nasa na kansa. Matiyu da Markus da Luka sun ambaci Bartalamawas, ba su taɓa ambaton Nata'ala ba. Yahaya ya ambaci Nata'ala, bai taɓa ambaton Bartalamawas ba. A jerin bisharun nan uku kuma sunansa na bin na Filibus kai tsaye, Filibus ɗin da ya je ya kira Nata'ala. Sannan a Yahaya 21:2, bayan tashin Ubangiji, ga Nata'ala a bakin tekun Tibariya tare da Bitrus da Toma da 'ya'yan Zabadi. Yana cikin mutum bakwai ɗin da suka kwana suna su ba su kama komai ba, da safe suka jawo kifi 153.

Kyauta:
Yaya Nuhu, mene ne ma'anar Nata'ala ɗin? A nawa Littafin Natanayel aka rubuta.

Nuhu:
Duk ɗaya ne, bambancin fassara ne. Da Ibraniyanci ma'anarsa Allah ya bayar. Takwaranki ne, Kyauta.

Kyauta:
Kai, na ji daɗin wannan! Shekara nawa ina karanta wurin ban sani ba.

Habila:
Ni ban ga abin wahala a nan ba. Mutumin ya faɗi abin da ke ransa, shi ke nan. Shi ya sa Yesu ya yabe shi. Da irin mutanenmu na yau ne, da ya ce wa Filibus madalla, Allah ya sa alheri, in Filibus ya juya baya ya taɓe baki. Ni ma haka nake, ba na ɓoye-ɓoye. In abu bai yi mini ba, a gabanka zan faɗa. Gaskiya ɗaci gare ta, wanda zai ji haushi ya ji.

Talatu:
Ɗan'uwa Habila, ka yi haƙuri, amma ban yarda ba. Kai ba a taɓa yi maka irin tambayar nan ba, shi ya sa take maka sauƙi. Ni an yi mini. Ranar da aka kai ni gaida dangin mijina kafin aure, na durƙusa a tsakar gida, kaina a ƙasa, wata gwaggonsa ta tambayi sunan garinmu. Da aka faɗa mata, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce, a can ma ana samun matar aure? Aka yi dariya. Ita ma abin da ke ranta ta faɗa, ba ta ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Kuma dukanmu majami'a ɗaya muke sujada, teburin Ubangiji ɗaya muke ci. In faɗin abin da ke rai shi ne rashin ha'inci, to ita ma Yesu zai yabe ta ke nan?

Ladi:
Sannu Talatu. Wannan ciwon da yawa muna ɗauke da shi, ba ma dai faɗa ne.

Habila:
'Yar'uwa, ban ce cin mutunci daidai ne ba. Amma ki duba, Nata'ala bai yi ƙarya a kan Nazarat ba. Ki karanta Luka 4. Mutanen garin ne suka kai Yesu bakin dutse za su jefa shi ƙasa. Markus 6 ya ce har ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu. Wanda ya san gari ne ya yi magana.

Illiya:
Gaisuwa daga Maraɗi. Ina ganin Habila ya taɓo wani abu. Yahaya 21:2 ya ce Nata'ala mutumin Kana ta Galili ne. Kana da Nazarat maƙwabta ne, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa. Ba mutumin Urushalima ba ne yake raina ƙauye, ɗan ƙauye ne yake raina ƙauyen da ke kusa da nasu. Mun san wannan sarai. Garin da kuke cin kasuwa ɗaya, kun san bashin da ake binsu, kun san wanda ya yi faɗa a bikin wane. Sai a ce maka Almasihun da aka yi ɗaruruwan shekaru ana jira daga nan ya fito, ɗan Yusufu kafinta. Sanin wuri ne yake rufe ido wani lokaci.

Nuhu:
Akwai kuma wata fuska. Nazarat ba ta cikin Tsohon Alkawari ko sau ɗaya. Josifus, Bayahuden da ya rubuta tarihi a ƙarni na farko, ya yi yaƙi a Galili, ya ambaci garuruwanta da yawa, bai ambaci Nazarat ba. Masu tonon ƙasa suna ƙiyasta mutanenta a lokacin 'yan ɗaruruwa ne. Filibus kuwa da Musa da annabawa ya fara maganarsa. Duk wanda ya san Mika 5:2 ya san Baitalami aka ce. Saboda haka Yahaya Kirisostom, ɗaya daga cikin iyayen ikilisiya na dā, wanda ya rasu a shekara ta 407, ya ɗauki tambayar a matsayin ta mai sanin Nassi da ba ya son a ruɗe shi: kun ce annabawa, annabawa kuwa ba Nazarat suka ce ba. Irin wannan gardamar ta sake tashi a Yahaya 7:41-42, har a aya ta 52 shugabanni suka ce wa Nikodimu ya bincika, ba annabin da ke fitowa daga Galili. Alhali 2 Sarakuna 14:25 ta ce Yunusa mutumin Gat-hefer ne, wadda take nan kusa da Nazarat ɗin.

Talatu:
Yaya Nuhu, na gode da ilimin, amma da Baitalami yake nufi da ya ce ai annabi Baitalami ya ce. Bai ce haka ba. Cewa ya yi wani abin kirki. Ba Almasihu kaɗai ya hana Nazarat ba, duk wani alheri ya hana ta. Kada mu wanke shi da sabulun da Littafi bai ba mu ba.

Malam Dauda:
Abin da ke damuna ke nan. Ni ma kunnena raini yake ji.

Rabaran Ayuba:
Salama 'ya'yana. Na karanta duka tun daga sama. Talatu, 'yata, kin yi gaskiya, kuma kada kowa ya yi saurin wuce maganarki. Ni ma na ɗauke ta raini. Littafi ba ya ɓoye laifin mutanensa, bai ɓoye na Dawuda ba, bai ɓoye na Bitrus ba, ba sai mun ɓoye na Nata'ala ba.

Amma Malam Dauda, ka lura da abin da Yesu ya yaba. Bai ce ga mutum marar kuskure ba. Bai ce ga wanda ya faɗi daidai game da garinmu ba. Cewa ya yi ba ha'inci a cikinsa, ya kuma haɗa da kalmar Ba'isra'ile. Wa aka fara kira Isra'ila? Yakubu. Wane ne Yakubu kafin nan? Shi ne ya sa tufafin wansa, ya ɗaura fatar 'yan awaki a hannu da wuya, ya shiga wurin tsohonsa da idonsa ya dushe, ya ce ni ne Isuwa. A Farawa 27:35 Ishaku ya ce wa Isuwa, ɗan'uwanka ya zo da ha'inci ya karɓe albarkarka. A tsohuwar fassarar Girkanci ta Farawa, kalmar da ke wannan ayar ita ce dai Yahaya ya sa a bakin Yesu a nan. Sai a Farawa 32:28, bayan kokawar dare, aka sauya masa suna. Kamar Yesu yana cewa ne, ga jikan Isra'ila wanda ba sauran Yakubu a cikinsa. Ba ya sa rigar wani ya zo neman albarka. Yadda yake haka ya zo, da shakkarsa da rainin nasa duka a fili.

In kana so ka tabbata Yakubu ne a zuciyar Ubangiji, duba aya ta 51. Sama a buɗe, mala'iku suna hawa suna sauka. Mafarkin Yakubu ne a Betel, Farawa 28:12. Sai dai a nan ba a kan tsani suke hawa da sauka ba, a kan Ɗan Mutum ne.

Mama Saratu:
Baba Rabaran, ku ba ni dama na faɗi ha'inci yadda na san shi, don ni a cikin hatsi na tsufa. Shekara talatin ina awo. Akwai mai kwanon awo biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Na sayarwar an bubbuge gindinsa ya shige ciki, in kin kalle shi daga sama ba za ki gane ba, sai kin kifa shi. Akwai mai zuba tsohon wake da ƙwari suka huda a ƙasan buhu, ya rufe da sabo mai ƙyalli a baki. Kin sa hannu kin ɗebo, kin ga kyakkyawa, kin biya, sai kin je gida kin juye a tabarma ki ga gari yana zuba. Abin da na lura shi ne, masu irin wannan sun fi kowa daɗin baki. Mama sannu da zuwa, Mama ya yara, har gyara za su yi miki. Ban taɓa ganin maha'inci mai kaushin harshe ba a wurin ciniki, don harshen shi ne sabon waken da ke bakin buhu.

To Nata'ala buhunsa abin da ke baki shi ke ƙasa. Waken nasa akwai tsakuwa, Talatu ta nuna mana ita. Amma tsakuwar da ke fili ana tsince ta. Wadda aka binne ce ke karya haƙori.

Ladi:
Mama, wannan bayanin ya fi mini shiga. Allah ya ƙara girma.

Habila:
To ai maganata ke nan tun farko.

Mama Saratu:
A'a ɗana, ba maganarka ba ce tukuna. Kai ka ce wanda zai ji haushi ya ji. Nata'ala bai tsaya nan ba. Filibus ya ce masa zo ka gani, ya tashi ya bi shi. Mai raini na gaske ba ya tashi, yana zaune a inda yake yana cewa na riga na sani. Kuma da ya gani, a gaban Filibus ɗin da ya yi wa musu, a gaban mutane, ya ce wa ɗan Nazarat ɗin nan kai ne Ɗan Allah, kai ne Sarkin Isra'ila. Bai ce bari na je na yi tunani ba don kada a ce ya sha kunya. Bakin da ya yi rainin shi ya janye shi nan take. Ina tambayarka tsakani da Allah, yaushe rabonka da ka faɗi magana da ƙarfi, ka ga ba haka ba ne, ka koma gaban mutanen nan ka ce na yi kuskure? In kana yin na farkon ba ka yin na biyun, rabin Nata'ala ka ɗauka.

Habila:
Mama, kun kama ni. Ba zan yi musu ba. Na farkon ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba.

Talatu:
Gwaggon nan da na faɗa ba ta taɓa zuwa ta gani ba. Sau biyu ana biki a garinmu ana gayyatarta. Da ta zo sau ɗaya ta zauna a ɗakin mahaifiyata ta sha ruwa, ina jin da tuni na manta.

Kyauta:
Ni Filibus ne yake burge ni. An kushe abin da ya zo da shi da zumuɗi, bai yi fushi ba, bai tsaya jayayya ba. Gani ya kori ji kawai. Da ni ce da mun kai dare muna musu a kan Nazarat.

Rabaran Ayuba:
Kuma ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba. A aya ta 39 Yesu ya faɗa wa almajirai biyu na farko, ku zo ku gani. Filibus bai daɗe da fara bin Ubangiji ba, ba shi da amsar Mika 5:2, har ɗan Yusufu ya kira shi. Abin da yake da shi ya bayar.

Katikis Istifanus:
Salama. Mu a Katolika ranar 24 ga Agusta muke idin Waliyyi Bartalamawas, Fada yana sa jan kaya domin shahidi ne, kuma bisharar da ake karantawa ranar ita ce wannan ta Yahaya 1:45-51. Ke nan ikilisiya ta daɗe da ɗaukarsu mutum ɗaya. Labarin da aka gada ya ce ya kai bishara Armeniya, can aka feɗe fatarsa da ransa. Ikilisiyar Armeniya har yau tana ɗaukar shi da Tadawas a matsayin waɗanda suka kafa ta, kuma Armeniya ce ƙasar da ta fara karɓar Kiristanci a hukumance, bisa lissafinsu a shekara ta 301. Saboda feɗe fatar nan ne in an zana shi ake sa masa wuƙa a hannu. A babban zanen ranar shari'a da Mikelanjelo ya gama a 1541 a Batikan, yana riƙe da wuƙa a hannu ɗaya, fatarsa a ɗayan. A Turai majema da dukawa da mahauta suka ɗauke shi waliyyinsu. A Roma kuma akwai majami'a mai sunansa a wani tsibiri cikin kogin Tiber, inda ake girmama ƙasusuwansa.

Nuhu:
Baba Katikis, da girmamawa, ba duk iyayen ikilisiya suka yarda mutum ɗaya ba ne. Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ce Nata'ala ba ya cikin sha biyun. Dalilinsa shi ne wai masanin Attaura ne, Ubangiji kuwa marasa ilimi ya zaɓa don ya kunyata masu hikima. Haɗa sunayen biyu ya bayyana a rubuce ne daga baya, wajen ƙarni na tara a ikilisiyoyin gabas. Game da tafiye-tafiyensa kuma, Yusibiyus na Kaisariya a ƙarni na huɗu ya rubuta cewa wani malami daga Iskandariya mai suna Fantenus ya je Indiya, ya tarar da Bisharar Matiyu da haruffan Ibraniyanci, aka ce Bartalamawas ne ya bar ta. Sai dai a zamanin nan akan kira kudancin Arabiya ma Indiya. Abin da nake so Malam Dauda ya rarrabe wa yara shi ne, wannan Nassi ne, wancan labarin gado ne.

Katikis Istifanus:
Ban ƙi ba, ɗana. A rarrabe. Amma kada a zubar. Dalilin Agustin ma bai gamsar da ni ba, don Bulus masani ne aka kira shi. Kuma jama'ar da ta riƙe sunan mutum shekaru sama da dubu da ɗari biyar, ta sha wuya a kan bangaskiyar nan, ba a share maganarta da hannu ɗaya.

Ladi:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne wuƙar. Muna cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ga mutumin da Yesu da bakinsa ya shaida gaskiyar cikinsa, kuma in labarin haka ne, wuƙa ce ta kashe shi. Mu da muka binne mutane a rikici mun san karin maganar nan ba kullum take cika a jiki ba.

Rabaran Ayuba:
Haka ne 'yata. 1 Bitrus 2:22 ta ce ba a sami ha'inci a bakin Almasihu kansa ba, kalma ɗaya ce da tamu, kuma mashi ya huda shi. Ba a yi wa Nata'ala alkawarin tsira daga wuƙa ba. Abin da aka ce masa shi ne za ka ga abin da ya fi wannan.

Baba Garba:
Ina gaishe ku duka. Jikana ne yake rubuta mini. Ku matasa ba sai kun je Roma ba, sunan manzon nan yana Wusasa kusa da Zariya. Majami'ar St. Bartholomew ta Anglika, da aka gina wajen 1929 lokacin da mishan ɗin su Likita Mila ya tashi daga cikin birni ya koma can. Ginin ƙasa ne irin namu, katanga mai kauri, rufin bakan gizo, in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar an buɗe randa. A nan aka yi mini baftisma. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, a makarantar mai wannan sunan ya yi karatu. Muna yara muna faɗin sunan ba mu san ko wane ne ba. Yau da tsufana nake jin labarinsa filla-filla. Wusasa ma ai ƙaramin wuri ne a bayan gari da ba a ɗauke shi komai ba, ga shi likitoci da malamai sun fito daga cikinsa.

Illiya:
Ranku ya daɗe Baba. In Allah ya kai ni Zariya sai na je na gani da idona.

Kyauta:
Baba Rabaran, saura ɓauren da Yesu ya ce wa Nata'ala ya gan shi a gindinsa, a aya ta 48. Me yake yi a gindin ɓaure da har jin an gan shi ya sa ya sallama gaba ɗaya? Wani mai wa'azi ya ce mana addu'a yake yi, wani kuma ya ce zunubi yake tunawa.

Rabaran Ayuba:
Yahaya bai faɗa ba, kuma ina roƙon Malam Dauda kada ya cika wurin da abin da ba a rubuta ba. Abin da muke da shi shi ne, zama a gindin ɓaure da kurangar inabi alamar salama ce a Isra'ila. Duba 1 Sarakuna 4:25, Mika 4:4, da Zakariya 3:10, inda aka ce a ranar nan kowa zai gayyaci maƙwabcinsa zuwa gindin ɓaurensa. Shi ya sa da yawa suke ganin yana nazari ne ko addu'a a kan zuwan Almasihu. Agustin da Nuhu ya ambata ya bi ta wata hanya, ya tuna ganyen ɓauren da Adamu da Hawwa'u suka rufe tsiraicinsu da shi a Farawa 3:7, ya ce a inuwar zunubi aka gan shi. Kowanne yana da abin koyo, ba wanda za a rantse a kai.

Ni abin da nake gani a fili shi ne tambayar da ya yi: ina ka san ni? Bai ce a'a ni ba kowa ba ne, irin kunyar da muke yi da baki alhali zuciya na jin daɗi. Bai kuma ce ƙwarai haka nake ba. Mamaki ya yi. Amsar ita ce, kafin Filibus ya kira ka na gan ka. Ke nan an gan shi tun kafin ya yi maganar Nazarat, wanda kuwa ya ga gindin ɓaure ba zai rasa jin abin da aka faɗa a can ba. Yesu ya san an raina garinsu, garin da uwarsa take, ya kuma tari mai rainin da yabo.

Talatu:
Baba, wannan na ƙarshen ya yi mini nauyi. Kullum ina karanta wurin ina kallon Nata'ala. Ban taɓa lura cewa wanda aka raina wa gari shi ne Yesu ba. A inda na durƙusa ranar nan, shi ma ya tsaya a wurin. Ban ce na iya yin abin da ya yi ba. Gwaggon tana nan da rai, ta tsufa, ƙafa ta hana ta zuwa sujada. Ban taɓa zuwa gaishe ta ni kaɗai ba sai in da mijina.

Mama Saratu:
'Yata, ba wanda zai tilasta miki. Amma in kin shirya, ki faɗa mini na raka ki. Kuma in kin je kada ki yi mata dariyar da ba ta kai ciki ba. Ki gaishe ta, in hali ya yi ki gaya mata maganar nan ta yi miki ciwo. Wataƙila ma ba ta san tana nan a ranki ba.

Talatu:
Na gode Mama. Zan kira ku.

Malam Dauda:
'Yan'uwa, na sami abin koyarwa har ya yi yawa. Amma ba zan rufe ba sai na faɗi dalilin da ya sa ayar ta tsaya mini a wuya tun farko, don in na ɓoye na zama mai kwano biyu. Shekara uku da suka wuce aka turo mana wani matashin mai bishara ya taimaka a ƙaramar majami'armu ta bayan gari. Da na ji ƙauyen da ya fito da ƙaramar makarantar Littafin da ya yi, na ce a taron dattawa, me wannan zai koya mana? A gabansa ban taɓa faɗa ba. A gabansa sannu Malam nake cewa, har ina riƙe masa jaka. Ya yi shekara biyu, ni ban taɓa zuwa na zauna na ji wa'azinsa ko sau ɗaya ba. Da aka zo batun ko a riƙe shi, na yi shiru, shirun nawa kuwa ya yi aiki. An mayar da shi wani ƙauye mai nisa. Bayan tafiyarsa na ga tsofaffi uku da ya koya wa karatu da Littafin Hausa, ɗaya ta tashi ta karanta Zabura 32 a sujada, tana bin layi da yatsa, har ta kai inda aka ce albarka ga wanda ba ha'inci a ruhunsa. Nata'ala ya yi rainin a fili ya kuma tashi ya je. Ni na yi nawa a ɓoye ban kuma je ba.

Rabaran Ayuba:
Kana da lambarsa?

Malam Dauda:
Ina da ita Baba. Amma ba ta waya nake so na yi ba. Motar kasuwarsu ranar Asabar take tashi, in na bi ta farko zan dawo kafin dare.

Habila:
Malam, bar motar kasuwa. Zan kai ka a babur, na san hanyar. Ƙarfe shida zan zo ƙofar gidanka, ka sa rigar sanyi.